Man Shanun Adda Ya Ɓace a Google

Sallama gare ku masu bibiyar labarina, har da ku da kuka cika min akwatin saƙo da "Na'ima ki yi haƙuri ki aure shi, maza sun yi tsada." Na ga saƙonninku ɗaya bayan ɗaya. Ku gyara zama, yau za ku ji irin hajar da kuke cewa ta yi tsada.

Saboda wanda yau ya fara leƙowa: ni ce Na'ima, 'yar Alhaji Bubayero Gaji, a Dutse muke zaune. Na gama jami'a a nan garin, na yi hidimar ƙasa, na yi ta zarya sakatariya da takardu har takalmina ya siɗe, aiki bai samu ba. Sai na waiwayi gida. Asalinmu mutanen ruga ne daga wajen Buji, kuma har yanzu yayar Baffana, wato mahaifina, tana can da shanunta. Goggona ce, amma Adda muka tashi muka ji Baffa yana ce mata, sai kowa ya ɗauka. Ita da matan rugar suke kaɗa nono su fitar da mai, ni kuma in soya shi da albasa, in tace, in ɗura a kwalabe, in manna takarda mai sunan Adda. Shafin intanet ɗin da nake tallar a kai da hannuna na haɗa shi, ina kallon bidiyo ina gwadawa, data na ƙarewa ina sake sawa. Har ta kai in mutum ya rubuta "man shanu" a Google daga Kano ko Abuja, da mu yake fara cin karo. Wayata ba ta hutawa. Direbobin tasha da sun hango ni a keke napep da katan sai su fara kiran junansu, ga mai man shanu ta iso.

Baffa bai taɓa son abin ba. Tsohon ma'aikacin gwamnati ne, a ganinsa ya sha wahala ya fito da mu daga ruga, ni kuma na ɗauki digiri na koma cikin ƙwarya. Amma ya yi min alƙawari a gaban Umma: muddin sana'ar tana tafiya, duk wanda zai aure ni da ita zai ɗauke ni, ba wanda zai ce in bari. In kuwa ta mutu da kanta, to in tattara kwalabena in yi zaman aure kamar kowa. Na yarda, don a lokacin ban ga abin da zai kashe ta ba.

Sai ga Mujahid, ɗan ƙawar Umma daga Ringim. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da kyau daidai gwargwado, kuma ya san yana da shi, a nan matsalar take. Kullum shadda a goge tana ɗaukar ido, hula a karkace, farin tabarau a fuska alhali idonsa garau. Ko zance zai zo sai ya rataya jakar kwamfuta, kamar wani zai tare shi a ƙofar gidanmu ya ce a duba masa intanet. Turarensa kan riga shi shigowa, ya kuma daɗe bayan ya tafi, har Umma ta daina kunna turaren wuta a falo ranar zuwansa. Injiniya ya ce a dinga ce masa. Aikinsa wai SEO, wato dabarun da ake yi wa shafi don Google ya ɗora shi a sama in an yi bincike. Shi ne kuma admin na wani guruf a WhatsApp mai suna Zauren Masana Shafuka na Jigawa, inda masu shafuka suke kai kukansu a ba su shawara. In yana cewa "guruf ɗina" sai ka rantse jihar aka ba shi ya riƙe.

Wata la'asar ya zo, na kawo masa ruwa da dabino, ya zauna yana juya mukullin mota a yatsa.

"Na duba ɗan shafin nan naki," ya ce. "Kin yi ƙoƙari, a matsayinki na mace."

A raina na ce, to, an fara.

"Sai dai akwai kurakurai na fasaha da ke ba za ki gane ba. Ba ni kalmar sirrin in shiga in ɗaga miki shi."

"Ai a sama yake, Injiniya."

"Akwai saman da ya fi sama, Gimbiya."

Na ce zan yi tunani. Ashe Umma tana bayan labule, wai tana neman murfin filas. Ko ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba ta fito ta tsaya a kaina.

"Mutumin da za ki ba shi rayuwarki gaba ɗaya, shi kike hana wa wasu 'yan haruffa? Ƙannenki suna ɗakunansu da goyo, ke kina nan kina ƙamshin albasa. Ki tura masa yanzu, ina kallo."

Na tura masa. Ya dawo min da hoton zuciya ja da "Kin huta, Gimbiya." Gaskiya ya faɗa, hutu kam na same shi.

Ba a rana ɗaya abin ya faru ba, shi ya sa ban farga da wuri ba. Kira ya fara raguwa, na ce tsakiyar wata ce, albashi ya ƙare. Wata ya mutu, aka yi albashi, shiru. Tsofaffin masu saye suna nan suna kira jefi-jefi, amma baƙuwar lamba ko ɗaya. Sai in ɗauki wayar in duba ko lalacewa ta yi. Kwalabe suka cika kantar kicin, suka gangaro ƙarƙashin gadona. Ga Babbar Sallah tana matsowa, lokacin da matan birni suke rububin man shanu, ni kuma na riga na sa matan ruga sun ƙara yawan abin da suke tarawa. Ranar da na buga wa Adda waya na ce su dakata da aikowa, sai da na shiga banɗaki na yi kuka, don na san ita ta tsaya musu ta ce su amince da 'yarta.

Na rubuta "man shanu" a Google, na yi ta gangarawa har yatsana ya gaji, babu mu babu dalilinmu. Na tambayi Injiniya.

"Google ne ya canza tsari," ya rubuto. "Duk duniya ake kuka. Ki bar min, ina kai."

Bayan kwana biyu kuma: "Kin ga ai dama kasuwanci akwai wahala. In kin zo gidana me za ki nema ki rasa?"

Baffa ma ya ga kwalaben. Bai yi faɗa ba, wannan ya fi min ciwo. Ya kira ni bayan ya dawo daga masallaci, ya ce Allah ya ga ƙoƙarina, amma alƙawari alƙawari ne. Mutanen Ringim za su zo ranar Asabar a sa rana, kuma tunda sana'ar ta tsaya da kanta, babu wani sharaɗi da zai gindaya musu a kanta.

Washegari da hantsi na sa doguwar rigata ruwan toka, na yafa mayafi, na tari keke napep zuwa gidan ƙawata Zakiyya. Kek take yi na biki da suna, ita ma tana da shafinta. Na same ta hannu duk fulawa, na zauna a kan buhun sukari na zayyana mata komai.

"Ke ma da shirme," ta ce. "Ki tambaya a zauren mana."

"Zauren wa? Nasa? Ai yana ganin lambata zai ce na raina iliminsa a gaban yaransa."

"Ni ina ciki ai. Gidan Kek sunana a can."

"Bai san ke ba ce?"

"Sau nawa muka gaisa, har yau Zainab yake ce min. Mutumin da bai riƙe sunana ba, lambata zai riƙe?"

Ta goge hannu a zane ta miƙo min wayar. Na rubuta ba tare da na ambaci sunan shafin ba: "Salamu alaikum masana. Shafin wata 'yar'uwata ne yake fitowa a sama a Google, yanzu ya ɓace gaba ɗaya. A taimaka da shawara."

Jama'a, in kuna son ganin inda ilimi ya je ya yi hatsari, ku shiga irin wannan zaure. Wani Gwadabe ne ya fara, hotonsa da baƙin tabarau a jingine da motar da daga gani ba tasa ba ce.

"Hajiya abu mai sauƙi. Ki rubuta sunan kayan sau babu adadi a ƙasan shafin, da farin rubutu a kan farin bango. Mutum ba zai gani ba, Google zai gani."

Wani ya ce in same shi ta gefe, yana da shafukan ƙasar waje da za su dinga nuno namu, farashi mai rahusa. Wani ya ce hotuna ne suka yi nauyi, alhali ko shafin bai gani ba. Wani ya ce hassada ce, a yi sadakar ƙosai. Wani ya turo hoton mage tana kuka. Wani kuma bai ma karanta tambayar ba, ya jefo tallar data ya wuce abinsa. Zakiyya tana dariya har tana riƙe ciki, ni kuwa tsaki kawai nake ja.

Can sai wata Hadiyya ta shigo, ita da Zakiyya ne kaɗai matan da na ga suna magana a wurin.

"Ku bar yarinya da surutu. 'Yar'uwa, je ki Google ki rubuta site: ki liƙa adireshin shafin a gabansa. In wasu shafuka sun fito, to faɗuwa kuka yi. In babu ko ɗaya, wata maganar ce."

Na gwada a wayata. Babu ko ɗaya, fayau. Na faɗa musu. Sai wani Muntaka ya karɓa.

"To ba faɗuwa ba ce, an ce wa Google ne ya kau da kai. Ki shiga cikin shafin, wajen saiti, akwai wani ɗan akwati da ke cewa a hana injinan bincike nuna wannan shafi. Masu gini suna danna shi kafin su gama aiki, wani lokacin su manta. Ki duba ko a danne yake."

Ina cikin shigar da kalmar sirri a wayata, sai wayar Zakiyya ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Admin da kansa. Dama ya za a yi a yi maganar ilimi bai sa baki ba? Zakiyya ta danna, muryar da ta saba ce min Gimbiya ta cika kicin ɗin.

"Salamu alaikum 'yan zaure, Admin ke magana. Abin da Muntaka ya faɗa haka ne, amma bari in ƙara muku karatu. Akwatin nan ba kullum yake zama kuskure ba, wani lokacin magani ne. Ni kaina na yi aiki da shi. Yarinyar da zan aura tana da wani ɗan shafi na man shanu, lambarta a baje, kowane gardi daga Kano har Legas sai ya kira ta wai zai sayi mai. Ni ba zan auri lambar da duniya ta haddace ba. Dannawa ɗaya na yi, na sa shafin a kulle. Yanzu waya ta yi tsit, ita kuma ta ɗauka kasuwa ce ta faɗi. Ba faɗa, ba gardama. Wannan shi ake kira aiki da ilimi."

A wayar kuwa hotunan dariya ne suke ta zubowa. "Admin namijin duniya!" in ji Gwadabe. "A koya mana, ranka ya daɗe." Muntaka ya rubuta, "Wannan cin amana ne, ba ilimi ba." Hadiyya ta rubuta "Tir," kalma ɗaya tak, nan take muka ga an cire ta daga zauren.

Na duba wayata. Ga akwatin nan, ƙanƙane kamar ƙwayar gero, a danne. Na cire alamar, na canza kalmar sirri. Ba kuka ne ya zo min ba, wata irin ƙyama ce ta taso min tun daga ciki. Na tuna duk daren da na kwana ina zargin kaina, ina cewa ko man ne ya canza ɗanɗano, ko na yi wa wani rashin kunya a waya. Ashe mai ba ni haƙuri shi ne mai riƙe da maƙogwarona. Zakiyya ta turo min saƙon muryar, ta kuma karɓo min lambar Hadiyya, wadda ta nuna min yadda zan roƙi Google ya dawo ya sake duba shafin. Ta ce in yi haƙuri, ba ya dawowa da gudu.

Ina fita saƙonsa ya shigo: "Gimbiyata, wane kala kike so a yi mana na anko?" Na mayar da wayar jaka.

Na ɗauka da na kunna wa Umma magana ta ƙare. Ta saurara har ƙarshe, sai na ga tana murmushi.

"Yo wannan ai so ne, 'yar nan. Namijin da ba ya kishinki me za ki yi da shi? Wasu neman mai kishin suke ido rufe."

Baffa ya fi ta ɗaure fuska, amma ƙarshenta gida ɗaya suka sauka.

"Bai kyauta ba, zan yi masa faɗa. Amma dattawa za su taso tun daga Ringim, ba zan ce su juya saboda wani akwati da ni ban ma iya ganinsa ba. Sana'a dai ta tsaya, ko ba ta tsaya ba?"

"Tsayar da ita aka yi, Baffa."

"Na'ima, tashi ki ba ni wuri."

Da sassafe na ce zan je duba Adda, na hau motar Buji, daga bakin titi na hau acaɓa zuwa ruga. Na same ta a gindin tsamiya tana kaɗa nono a gora, ta tsufa amma damtsenta ya fi nawa ƙarfi. Matan da muka saba hira suka amsa gaisuwata a daƙile. Wasunsu sun riga sun koma ɗaukar mai a ka zuwa kasuwa suna sayarwa yadda ta kama. Na zauna kusa da ita na rasa ta inda zan fara, don Adda ko saƙon waya ba ta karantawa.

"Adda, ki ɗauka kin kai ƙwaryarki kasuwa kin ajiye inda kika saba. Sai wani ya zo ya lulluɓe ta da tabarma, masu saye suna ta wucewa ba sa ganinta."

Ta tsayar da gorar. "Wa ya lulluɓe?"

"Wanda zai aure ni."

"Namiji?"

Na kunna mata. Ta sa na maimaita. Ba ta tambaye ni mene ne Google ba, ba ta ce komai a kan kishi ba. Ku da ba ku tashi a cikinmu ba, bari in faɗa muku: a wurinmu shanu za su iya zama na miji, shi zai yi kiwo, ko da shi ya tatso, amma da zarar nono ya shiga ƙwarya ya zama na mace. Ba ya tambayar nawa ta sayar, ba ya cewa yau kar ta kai, ko faifan da ta rufe ƙwaryar da shi ba ya ɗagawa. Namijin da ya yi haka har jikokinsa sai an yi musu gori.

"Yaushe za su zo?" ta ce.

"Asabar."

Ta ci gaba da kaɗa nononta.

Ranar Asabar gidanmu ya cika da ƙamshin girki. Umma ta sa na saka atamfa sabuwa, ta ɗaura min ɗankwali da kanta tana ta addu'a. Bayan azahar baƙin suka iso, dattawa cikin manyan riguna, aka shimfiɗa musu darduma a falon Baffa, suka jera goro da alawa a tsakiya. A al'ada mai neman aure ba ya zuwa irin wannan zama, amma Injiniya ya ce shi zai tuƙo su, don dai a ga motar. Yana waje a zaune a ciki, ya kunna sanyi yana latsa waya. Ni kuma ina bayan labulen nan na Umma, yau ni ce mai neman murfin filas.

An gama gaisawa ke nan, babban kawun Mujahid ya gyara murya zai fara magana, sai muka ji sallama. Adda ce, da baƙin zanenta na saƙi, ƙura har gwiwa, ƙwarya a ka rufe da faifai. Ba ta bi ta cikin gida ba. Kai tsaye ta shiga falon maza, ta sauke ƙwaryar a gefen goron, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa.

"Bubayero."

Tunda nake ban taɓa jin an kira sunan Baffa haka tsirara ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na'am, Adda. Sannu da hanya. Da kin shiga ciki kin huta."

"Ban gaji ba. A kira min yaron da yake cikin mota."

Dattawan suka kalli juna. Aka aika. Sai ga shi ya shigo, turare a gaba shi a baya, har da jakar kwamfutar. Ya durƙusa rabi da rabi don kar shaddar ta yamutse, daidai gaban ƙwaryar.

"Kai ne mai ilimin?" Adda ta tambaye shi.

"Ni ne, Hajiya," ya ce yana washe baki. Ya ɗauka yabo ne. "Wannan fa, tsarabarmu ce aka kawo?"

Ya miƙa hannu ya ɗage faifan.

"Kai!"

Baffa ne. Tsawar da ya daka sai da kofunan shayi suka motsa, ya yunƙura har hularsa ta faɗi. Shi kansa bai san ta fito ba. Mutumin da ya shekara talatin a ofis, wanda ba ya son a tuna masa da ruga, ga shi tsaye yana huci saboda wani ya taɓa faifan yayarsa. Mujahid ya saki faifan ya ja da baya, tabarau ya zamo kan hanci. A cikin ƙwaryar ɗanyen mai ne da aka tara min na ce a dakata, ya daɗe har ya juya, warinsa ya tashi ya danne turaren Injiniya.

Adda ba ta ko kalli Mujahid ba. Ƙanenta take kallo.

"An ce ka ce ba ka iya ganin akwatin. Yanzu ka gan shi?"

Ta nuna ƙwaryar da yatsa, ta ci gaba.

"Babanmu har ya koma ga Allah bai san abin da ke cikin ƙwaryar Inna ba. Wannan ko rana ba a sa ba ya lulluɓe ta 'yarka, da tawa, da ta matan ruga guda. Na'ima, fito ki kunna musu su ji da bakinsa."

Na fito, na durƙusa, na ajiye wayar a kan darduma na ƙure mata murya. "Salamu alaikum 'yan zaure, Admin ke magana." Ban taɓa jin daɗin muryarsa irin na ranar ba. Da aka zo wajen "ita kuma ta ɗauka kasuwa ce ta faɗi," babban kawunsa, wanda ɗan kasuwar hatsi ne, ya rufe fuska da hannu yana salati.

"Baffa, bari in yi bayani," Mujahid ya fara. "Abin na fasaha ne, akwai abin da ake kira..."

"Rufe mana baki," in ji kawun nasa. "Ka kashe wa mutane kasuwa, ka hau waya kana shela."

Baffa ya ɗauki hularsa ya mayar, ya zauna. Ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Sannan ya sa hannu ya tura goron da alawar gaban baƙin, a hankali.

"Alhaji, ku yi haƙuri da wahalar hanya. Ku koma da kayanku. Na yi wa yarinyar nan alƙawari a kan sana'ar da ta mutu da kanta. Wannan ba mutuwa ta yi ba."

Haka suka fita, Injiniya ya tuƙa su kamar yadda ya kawo su. Adda ta rufe ƙwaryarta, ta sha ruwa, ta ce a kai ta tasha, shanu ba sa jiran sa rana.

Kar ku ɗauka komai ya dawo daidai. Cinikin Sallah ya wuce mu, man da ya lalace ya lalace, kuma sai da na koma ruga na bi matan ɗaki-ɗaki ina ba su baki. Umma har yau da ka take amsa min gaisuwa, ta ce na raba ta da ƙawarta ta yarinta. Shafin kuma rarrafowa yake yi, kamar yadda Hadiyya ta ce. Amma jiya da hantsi ina tace mai, baƙuwar lamba ta kira. Wata mata ce daga Haɗeja.

"Nan ne wajen man shanun Adda? A Google na gan ku."

Baffa yana tsakar gida yana alwala, ya ji. Da zan fita tasha shi ya ɗaukar min katan ɗin har bakin titi.

Ina cikin keke napep saƙon Mujahid ya shigo, na farko tun ranar Asabar. Babu Gimbiya, babu hoton zuciya.

"Ni dai ki faɗa min, wa ya nuna miki?"

Na rubuta masa: "Kai, Admin. Aiki da ilimi." Na toshe lambar.

Ban kai tasha ba Zakiyya ta kira tana ƙyaƙyata dariya. Wai Muntaka ne ya bi ta ta gefe, yana tambayar ko shafin 'yar'uwar nan ya dawo, kuma wai, in ba damuwa, mai shafin tana da aure?

Na ja tsaki har mai keken ya waiwayo.

"Me zan ce masa?" in ji Zakiyya.

"Ki ce masa man shanu muke sayarwa. Kwalba nawa yake so?"